Ja Ce, In Ji Merv

In dai cika baki ne, ba a taɓa haifar kamar Merv Trethewey a Burrawinda ba. Mai gwanjon tumaki ne, ya tsufa a kan shingen kara yana buga guduma, muryarsa kuwa in ya ɗaga ta sai karnukan ƙetaren kogi sun amsa. Amma ba da muryar ya fi tinƙaho ba, da idonsa ne.

"Idon nan nawa," yakan ce yana nuna shi da yatsa, "in mai saye ya ɗaga gira a can ƙarshen kara, na gani. In tunkiya ta rasa haƙori, tun tana cikin mota na gani."

Wannan kam gaskiya ne, ba a hana shi. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, idon nan bai san bambancin ja da kore ba. Duka biyun ganinsu yake kamar shayin da aka cika wa madara. Matarsa Noelene ce ke fitar masa da safa da taye kowace safiya, ta kuma riƙe bakinta, shi kuwa ya gwammace a ce ya saci rago da a ji wannan zance a gari.

Kogi ne ya raba Burrawinda biyu. Kara da makaranta suna wannan gefe, asibiti da mashaya suna wancan. Abin da ke haɗa su jirgin fito ne, wani faffaɗan ƙarfe da ake ja da igiyar waya, motoci su hau, Clive Dunstall ya ƙetarar da su. A mashigar jirgin ne fitilar hanya guda ɗaya tak ta garin take: ja a tsaya, koriya a shigo. Duk sanda motar Merv ta zo gaban layi, in lokacin shiga ya yi, sai Clive ya cire hularsa ya kaɗa masa.

"Kun gani ko?" Merv yakan ce wa duk wanda ya ɗauko. "Ni kaɗai yake cire wa hula. Ko fada na coci bai samu wannan ba."

Ana nan sai gwamnatin jiha ta ce za ta kawo doka ta rufe ƙananan jiragen fito, wai tsada. Gadar da ta fi kusa kuwa, kafin ka zagaya ta can mai naƙuda ta haihu a mota, yaron ma ya fara rarrafe. Gari ya rikice. Merv ya hau shingen kara ya ce shi zai tsaya takara, indifenda, ba jam'iyya ba ubangida, zai je majalisar jiha ya kashe wannan doka da hannunsa.

Da ya ji tafi sai kansa ya fashe. A taron da aka yi a zauren gari ya ƙara da cewa zai rage harajin mai, ya dawo da gidan waya, ya sa a riƙa kwashe shara sau biyu a mako.

Daga kujerun baya wata tsohuwa mai sandar dogarawa ta yi gyaran murya. Dulcie Abernethy ce, a da likitar dabbobi, yanzu wakiliyar yankin a Jan Zaure, wato majalisar dattawan jihar.

"Merv, harajin mai da gidan waya na tarayya ne, sai ka tafi majalisar tarayya a Canberra. Shara ta ƙaramar hukuma ce. Abin da ke hannun jiha hanyoyi ne da makarantu da asibitoci da 'yan sanda, sai jirgin Clive. Ka riƙe jirgin, ya ishe ka."

"Ku ji mai magana!" in ji Merv. "'Yar Jan Zaure, ɗakin barcin tsofaffi! Mu a Koren Zaure ake kafa gwamnati, a can Firimiya ke zama, a can ake fitar da kuɗi. Ku kuwa sai mun gama a kawo muku ku duba waƙafi, ku miƙa wa Gwamna ta sa hannu tsakanin yanka ribon da shan shayi."

"Ba ƙudurin da ke zama doka sai ya bi ta ɗakin barcin nan."

"Wannan ba zai iso muku ba, Dulcie. A wurina zai mutu. Ki ci gaba da minsharinki."

Aka kwashe da dariya, aka kuma zaɓe shi. Da aka gama ƙidaya a jihar sai abin ya zo masa daidai: gwamnati da 'yan adawa sun yi kankankan a Koren Zaure, ƙuri'ar Merv ce mai rinjaye. Tirƙashi! Ranar har kare bai kuɓuta daga jin jawabi ba.

Tun ranar farko a babban birni ya gamu da cikas. Ashe zauruka biyun gini ɗaya suke, kuma ƙararrawa ɗaya ke kiran su ƙuri'a. Bambancin kawai, a jikin kowane agogon bango akwai 'yar fitila: in koriya ke walƙiya, 'yan Koren Zaure ake kira, in ja ce na 'yan Jan Zaure. Da ƙararrawa ta yi shiru sai Kakaki ya ce a kulle ƙofofi, wanda ke waje kuma yana waje, ko Firimiya ne. Merv ya ɗaga kai ya dubi agogo. Shayi da madara.

Da wani ne da ya tambaya. Merv ya ce shi da dabara zai yi, duk ƙararrawar da aka kaɗa zai amsa.

Ta farko ta same shi yana cin ƙosan kifi. Ya watsar, ya kwasa a guje, ya banke ƙofar Koren Zaure yana ihu, "Burrawinda ta iso!" Mutum huɗu ne a ciki, ɗaya na karanta jawabi kan ƙudan da ke ɓata lemo, sauran na hamma. Kakaki ya sauke tabarau.

"Muna murna da isowar Burrawinda. Ko za ta zauna?"

Sai ya sauya dabara, ya ce zai riƙa bin masu gudu. Ƙararrawa ta gaba ya ga mutane sun kwarara ta wani lungu, ya bi su, ya haye bene, ya sauka wani, ya faɗa cikin zaure ya zauna yana haki. Kujerun dai irin nasu ne, launin ma a idonsa iri ɗaya. Sai dai ya lura abokan zaman sun tsufa da sauri. Yana waigawa suka haɗa ido da Dulcie.

Ta miƙe a hankali, da jin daɗi ƙarara a fuskarta. "Shugaba, ina ganin baƙo a zauren nan."

Jami'in tsaron zauren, mai riƙe da baƙar sanda, ya taho da takunsa na ƙasaita, ya tsaya a kansa.

"Zuwa na yi in ga ko kun farka," in ji Merv.

"Mun farka, mun gode," ta ce. "Ƙofa tana hagunka. Ka san hagu dai ko?"

Daga nan ya samo dabarar da ya ce ita ce ƙarshe. Akwai wani ɗan adawa a zaurensu, Stavros Kallis, ƙato mai tumbi, wanda aka san shi bai taɓa rasa ƙuri'a ba. Merv ya manne masa. In ƙararrawa ta kaɗa Stavros ya tashi, Merv ya tashi. In ya ci gaba da zama, Merv ya miƙe ƙafa ya ce da ƙarfi, "Ja ce, ta tsofaffi ce." Dabarar ta yi aiki, sai dai sau ɗaya, ranar da Stavros ya ci wani abu da bai karɓe shi ba. Ƙararrawa na kaɗawa ya zabura, Merv ya rufa masa baya, suka yi lungu suka yi kwana, Stavros ya faɗa wata ƙofa, Merv ya faɗa bayansa, ashe banɗaki ne.

"Malam, lafiya?" in ji Stavros, hannunsa a kan bel.

"Famfo na zo dubawa."

"Famfo na ƙaramar hukuma ne. Fita!"

Da Noelene ta ji labarin a waya ta ce, "Merv, don Allah ka faɗa musu. Akwatin talabijin ɗin ofishinka ma ai yana rubuta zauren da ake kira."

"Ni ɗan majalisa ne ko mai gadin talabijin? Jama'a na son ganina."

"Jirgin Clive fa ake magana."

"Jirgin Clive yana cikin aljihuna."

Ranar da za a yi ƙuri'a, Merv ya yi hayar bas ya kwaso rabin Burrawinda su zo su ga yadda ake kashe doka. Clive ma ya ba ƙaninsa jirgi, ya sa kwat ɗin da ya yi aure da ita. Suka cika benen 'yan kallo.

Merv ya miƙe jawabi. Ya fara da natsuwa, kan asibiti da masu naƙuda, har an fara gyaɗa kai. Da ya ga idanu a kansa sai tsohuwar sana'a ta motsa.

"Nawa kuka sayi garina? Minista, nawa? Na ga ka ɗaga gira! An taya a dama, wa zai ƙara? Wa zai ƙara? Sau ɗaya! Sau biyu!"

"Wakilin Burrawinda zai yi magana ta wurin kujera," in ji Kakaki.

"Kujerar ma, Kakaki, in ka sa ta a kara zan samo maka kuɗi mai kyau."

"Wakilin Burrawinda zai zauna."

Ya zauna yana ɗaga wa bene hannu. Sai muhawara ta ja, wannan ya tashi wancan ya tashi, har cikin mutanen Burrawinda ya fara kuka. Merv ya yafito su, ya ce su sauko tsakar gidan majalisa, ya sa an kunna murhu zai gasa musu naman sosej da hannunsa. Noelene ta tare shi a ƙofa.

"Ka zauna a kujerarka har a gama."

"Haba Noelene! Su waɗannan sai yamma. Ki tsare mana wuri a bene."

Ya leƙa tsakar gida ya ga Stavros zaune a inuwa yana karanta jarida, hankalinsa ya kwanta. Ya ɗaura ƙyallen girki, ya ɗauki awartakin juya nama, yana gashi yana ba da darasi. Ya nuna musu tagar ofishin Firimiya ya ce kullum sai an kira shi can neman shawara. Ya nuna tagogin Jan Zaure ya ce su rage murya kada su tashe su. Ya naɗa wa Stavros sosej biyu a burodi da albasa ya kai masa har inuwa.

Sai ƙararrawa ta ɗauka.

Merv ya saci kallon Stavros. Stavros ya gatsa burodi, ya juya shafin jarida.

"Ja ce," in ji Merv, ya juya sosej. "Ta tsofaffi ce. Wa bai samu albasa ba?"

Clive ya ɗaga kai ya dubi agogon da ke bisa ƙofa. "Merv, koriya ce fa."

"Clive, kai ka san igiyar waya, ni na san majalisa."

"Koriya ce, Merv," in ji matar mai gidan burodi.

"Hasken rana ne ke dukan gilashin."

"Koriya shar!" in ji wani.

"Kai, ku ji ni da mutane! Yau kuka fara taka ginin nan, za ku koya mini fitila? Da wane ido? Ni da ke ganin gira daga ƙarshen kara?"

Ƙararrawa na ta kaɗawa. Mutane suka fara magana gaba ɗaya, Clive ya kama hannun rigarsa, Merv ya fizge. A ransa ya fara shan jinin jikinsa, amma yaya zai yi? In ya ruga yanzu ya yarda ke nan cewa Clive ya fi shi ido, a gaban rabin gari. Ya sake duban Stavros. Hayaniyar ce ta sa Stavros ya sauke jarida, ya ga wanda ke tsaye gaban murhu, burodi ya faɗi daga bakinsa.

"Trethewey! Me kake yi a nan?"

"Abin da kake yi."

"Ni yau haɗa ni aka yi! Matar wani ɗan gwamnati ke naƙuda, ya tafi asibiti. In nasu ɗaya ba ya nan da uzuri, namu ɗaya sai ya zauna a waje, a tafi daidai. Kai wa aka haɗa ka da shi? Ƙudurin jirginku ne! Ruga!"

Wayyo, Merv ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya tsallake tukunyar fure, ya ture wani mai ɗauke da tiren shayi, ƙyallen girki na kaɗawa, awartaki a hannu da sosej a bakinsa, jama'ar Burrawinda na biye suna ihu, "Hagu! Hagu, Merv!" Ya shawo kwanar ƙarshe, ya hango ƙofar a buɗe, har ya hango kujerarsa. Sai ƙararrawa ta yi ɗif. Daga ciki aka ji muryar Kakaki, "A kulle ƙofofi." Ƙofa ta rufe garam, saura ƙiris ta tafi da hancinsa.

Ya buga da awartaki. "Ku buɗe! Burrawinda ce!"

"An kulle, ranka ya daɗe," in ji mai tsaron ƙofa.

"Ka san ko ni wane ne?"

"Sosai. Kai ne wanda ke waje."

A ciki aka ƙirga masu eh a dama, masu a'a a hagu, aka yi kunnen doki. Kakaki, wanda ɗan jam'iyyar gwamnati ne, ya jefa tasa, ƙuduri ya wuce. Noelene ta sauko daga bene ta same shi tsaye ya yi tsuru-tsuru, sosej ɗin har ya huce. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. Clive ya cire kwat ɗinsa ya naɗe ta a hannu, ya wuce bas. A gaskiya ranar ba wanda ya yi dariya, don kowa asibitin ƙetare yake tunani.

Saura Jan Zaure ke nan. Can ma gwamnati ba ta da rinjaye, kuma ƙuri'ar da kowa ke kallo ta wata tsohuwa ce mai sandar dogarawa. Noelene ta tasa ƙeyar Merv har ƙofar ofishinta.

"A'a, wa nake gani?" in ji Dulcie. "Ka yi a hankali, barci muke yi."

"Dulcie, maganar jirgi ce."

"Wane jirgi? Ba a wurinka ƙudurin ya mutu ba?"

"Ya ɗan suma ne, ya farfaɗo."

"To me kake so da masu duba waƙafi?"

Merv ya dubi rufi, ya dubi Noelene. "Ki duba mana shi da kyau."

Ta kuwa duba. Ta sa aka miƙa ƙudurin ga kwamiti, kwamiti ya zo har Burrawinda ya zauna a zauren gari, ya kira jami'an ma'aikatar hanyoyi suka amsa tambayoyi suna gumi. Dulcie ta sa aka zagaya da su ta gada a bayan motar ɗaukar tumaki, suka sauko ba mai iya miƙe baya.

Ranar ƙuri'ar Jan Zaure bas ta sake cika. Wannan karon Merv a benen 'yan kallo ya zauna, inda doka ta hana magana, abin da ya fi masa ciwon haƙori zafi. Ana cikin haka ƙararrawa ta ɗauka. Ya zabura, ƙafa ɗaya ta nufi ƙofa, ɗaya ta tsaya. In tasu ce fa? Ya dubi agogo. Ya sunkuya wajen kunnen matarsa, sai dai raɗar mai gwanjo ba raɗa ba ce, har Shugaban zaure ya ji.

"Noelene, wace kala ce?"

Rabin Burrawinda suka amsa baki ɗaya, "Ja ce! Zauna!"

Mai baƙar sanda ya hauro ya kore su duka saboda hayaniya. Suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa a kulle, karo na biyu. Da aka buɗe, Dulcie ta fito tana dogara sanda.

"Ƙudurin ya faɗi. Ƙuri'a ɗaya ce ta kayar da shi." Ta dubi Merv sama da ƙasa. "Ba wata dabara na yi ba. Ina kan kujerata aka kaɗa ƙararrawa."

Kafin bas ta fita daga birni Merv ya farfaɗo. Ya tsaya kusa da direba yana bayani cewa dama shirinsa ke nan, da gangan ya bar ƙudurin ya wuce don a kashe shi a inda ba zai sake tashi ba. Tambayar da ya yi wa Noelene kuwa, gwada ta yake yi.

Washegari da safe motarsa ce gaban layi a mashigar jirgi, yana ɗauke da wani baƙo mai sayen ulu, yana ba shi labarin yadda ya ceci garin. Jirgi ya iso, aka sauke gangara. Clive ya tsaya hannuwansa a aljihu, hula a kai. Merv ya jira. Clive ya dubi sama yana fito da baki. Na baya suka fara danna oda, ɗaya, biyu, har layin gaba ɗaya ya ɗauka.

Merv ya leƙo ta taga. "Clive! Yau ba gaisuwa?"

Clive ya tako a hankali ya jingina da ƙofar motar.

"Merv, tun ranar da ka shafa wa ƙofar coci jan fenti ka ce kore ne, kowa a garin nan ya sani. Noelene ce ta roƙe mu, muka yi shiru. Ka ɗauka don me nake cire maka hula duk shekarun nan? Don kada ka jefa motarka a kogi ne."

Merv ya juya ya dubi fitilar, ya daɗe yana kallonta, oda na ta tashi a bayansa.

"To yanzu wace ce?" ya ce, a hankali ƙwarai.

"Koriya ce tun ɗazu," in ji Clive. Ya cire hula ya kaɗa masa. "Shigo, ɗan majalisa, kana tare wa mutane hanya."